Ranar Laraba ta tsofaffi: abin da na gani da na kai Inna awon mantuwa a Yamai

A wajen canji muka fara gane akwai matsala. Inna ta fi shekara talatin tana sayar da gabu da busasshen tumatir a kasuwar Tahoua. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma a lissafin dala babu ɗan lise da zai kama ƙafarta. Sai ga shi bara ta fara ba mutum canji sau biyu, wani kuma ta hana shi nasa, ta rantse ta ba shi. Daga nan abin ya shiga salla. Ta idar da la'asar, ta shafa addu'a, kafin a ɗauke tabarma ta sake tayar da wata la'asar ɗin. Ranar da ta ce matar Yaya ta sace mata zane, aka same shi a naɗe cikin tukunyar da ita da kanta ta rufe, ranar ce Yaya ya kira ni yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ba da labarin rasuwa.

Kowa a gida da abin da ya ce. Wasu suka ce gigin tsufa ne, a bar ta. Gwaggo ta ce hannu aka sa mata a kasuwa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi sauka, kuma ba na raina ko ɗaya, domin addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma ni malamar kimiyyar halittu ce a wani lise a nan Yamai, ina koya wa yara yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, zuciyata ta ƙi yarda a tsaya nan. Wata abokiyar aikina ta ba ni labarin wani ƙaramin kilinik mai zaman kansa, inda wani likitan ƙwaƙwalwa ke ware ranar Laraba don tsofaffi masu mantuwa. Da gangan ban ambaci sunan wurin ba, don akwai abubuwan da zan kushe, kuma ba ɓata wa kowa sana'a na zo yi ba.

Yaya ya sako Inna a kar ɗin asuba, suka bi Konni, Dogon Dutsi, Dosso, tafiyar sama da kilomita 500, suka iso ƙafafunta sun kumbura. Abu ɗaya ta riƙa tambayata daren nan: ko Pavillon E za mu kai ta. Duk ɗan Nijar ya san sunan nan na sashen masu taɓin hankali a babban asibitin Yamai, har tsohuwar da ta manta abin da ta ci da rana ba ta manta shi ba. Na ce mata awon tansiyo za mu je. Ban yi ƙarya ba, an auna tansiyon.

Bari in fara da abin da bai yi mini ba, in huta. An ba mu randebu ƙarfe takwas, ba mu shiga ba sai sha biyu da rabi. Ashe kowa takwas ɗin aka ba shi. Awa huɗu da rabi a kan benci marar majingina, ga tsoho mai ruɗewa, azaba ce. Wani dattijo da ke gefenmu ya tashi ya fi sau goma yana neman ƙofa, ɗansa na riƙo shi yana ba shi haƙuri. Makewayi na tsugunno ne, sai an hau matakala biyu, babu abin dafawa. Wurin da ya ce na tsofaffi ne bai kamata a ce sai ƴa ta shiga ta tallabi uwarta a makewayi ba. Mai karɓar kuɗi kuma tana ɗaga murya ta ce "masu mantuwa su matso nan", a gaban masu jiran awon ciki da masu zazzaɓi. Na ga yadda Inna ta ja lulluɓinta ta rufe rabin fuska. Kuɗin ganin likita jikka goma sha biyar na biya, ban da analiz, wato awon jini.

Da muka shiga ɗakin, sai na fara huce fushina.

Likitan ya taso daga bayan teburinsa ya jawo kujera kusa da ita. Bai tambaye ni komai ba tukuna. "Inna, sannunku da hanya. Ina mutanen Adar? Ina gajiya?" Ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo irin ta gida, har ta saki lulluɓin. A gefe akwai wata ɗalibar likitanci da takardu a cinya. Ya gaya mana tana rubuta tez ɗinta ne, wato kundin kammala karatu, a kan mantuwar tsofaffi, ya ce in mun yarda za ta rubuta amsoshin Inna ba tare da suna ba, in ba mu yarda ba babu abin da zai ragu a kulawar da za a yi mata. Takardar yardar da Faransanci take, amma ya fassara wa Inna ita baki da baki, ya jira ta ce "na yarda, ɗana" kafin ya miƙo mini in sa hannu. Wannan ya burge ni ƙwarai. Sau nawa ake magana a kan tsoho yana zaune, kamar buhun hatsi ake ciniki?

Katin Inna ya ce an haife ta "wajen 1950", irin shekarun da ake yanka wa mutanen da. Likitan bai dogara da shi ba. Ya tambaye ta ina take lokacin da aka samu mulkin kai. Ta ce tana ƴar ƙarama, ko tallan fura ba a fara ɗora mata ba. Ya tambaye ta haihuwar fari. Ta ce shekarar da soja suka kama Diori, Kountché ya hau. Wato 1974. Ya tambaye ta yunwar El Buhari, ta lissafa masa yaran da ke gabanta a 1984 ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya rasu, har da cewa Baba yana Abijan wajen bida a shekarar. Da wannan ya kimanta shekarunta kusan saba'in. Ya juyo ya ce mini in lura: abin da ya wuce shekara arba'in yana nan daram, abin da ya faru da safe ne ke zubewa. Haka ciwon ke farawa, domin sashen ƙwaƙwalwar da ke ɗaure sabon abu shi ne ke fara lalacewa.

Sai gwajin kansa. Na san gwajin da aka fi yi a duniya, wanda Folstein da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1975, mai maki 30. A cikinsa ana tambayar kwanan wata, a ce ka riƙa cire bakwai daga ɗari, ka rubuta jimla, ka kwaikwayi zanen wasu siffofi biyu masu kusurwa biyar. Ina zaune ina fargabar a miƙa wa Inna alƙalami, matar da ba ta taɓa riƙe shi ba, ta faɗi tun ba a fara ba. Ba a miƙa mata ba. Ya tambaye ta wace rana ce kasuwar garinsu, ta ce Lahadi. Ya tambaye ta yau wace rana, ta ce Jumma'a, alhali Laraba ce. Ya tambaye ta damina muke ko rani. Ya ce ta lissafa masa dabbobi iya waɗanda za ta iya cikin minti ɗaya. Ta kawo raƙumi, jaki, akuya, tunkiya, saniya, ta dawo kan raƙumi, ta tsaya. Ya faɗa mata kalmomi goma, ta maimaita, suka yi sau uku, bayan ɗan lokaci ya nemi ta tuno su. Ɗaya ta kawo.

Daga nan ya fito da kwalin ashana. Ya jera tsinke huɗu a kan tebur cikin wata siffa, ya rushe, ya ce ta mayar. Hannun Inna da ya saba ƙulla gabu ya ɗauki tsinken da sauri, ta jera biyu daidai, ta riƙe na uku a sama tana kallon teburin. Ta daɗe a haka. Ta ɗago ta dube ni. Wannan kallon har yanzu yana idona.

Na ƙarshe shi ne ciniki. "Inna, na sayi gabu na dala talatin, na ba ku dala ɗari. Nawa za ku maido mini?" Ta yi murmushi irin na ƴar kasuwa, ta buɗe baki, amsar ba ta zo ba. Ta ce, "Bari in ƙirga, ɗana," ta fara taɓa yatsu. Dala saba'in. Abin da a da take faɗa tana hira da wata tana auna wa wata. Likitan bai bar ta cikin kunya ba, ya ce ai shi ma sai ya ƙirga, ya wuce zuwa wata tambayar.

Akwai abu ɗaya da ya faru a tsakiyar gwajin, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Ɗalibar ce ke karanta wasu tambayoyin. Tana jin Hausa sosai, amma ba da ita ta tashi ba. Ta ce, "Inna, mece ce gada?" Inna ta amsa nan take, da ƙarfin gwiwa: naman daji ce, ƙarama, mai gudu, ba ta kai barewa ba. Ɗalibar ta sunkuya za ta sa sifili. Likitan ya ɗaga hannu. Ya ce, "Inna, mi ne ne kadarko?" Ta ce abin da ake ɗorawa bisa gulbi mutane da motoci su ƙetare, kamar wanda ta gani nan Yamai. Amsa cikakkiya. Maki ɗaya ne kawai, amma ku duba yadda ya kusa salwanta. Tambayar an ɗauko ta ne daga gwajin da aka tsara a wata ƙasa, aka fassara ta da kalmar da ke cikin littafi, aka furta ta da karin da ya mai da ita dabba. Da babu mai kunnen Adar a ɗakin, da an rubuta cewa uwata ba ta san kadarko ba. In aka yi wa tsofaffi ɗari biyar haka, aka tara, aka buga a mujalla, sai ƙarya ta zama ilimi.

Bayan an fita da Inna shan iska, ya zauna da ni da Yaya kusan rabin awa. Yaushe aka fara, a hankali ne ko farat ɗaya, tana ɓata a unguwa, tana iya wanka da kanta, tana barci, tana kuka, me take sha. Nan Yaya ya fito da ƙullin ƙwayoyin barci da ake saya mata wajen masu tallar magani a kai, don ta daina yawon dare. Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce irin waɗannan ƙwayoyi suna ƙara wa tsoho ruɗewa, suna sa shi faɗuwa, amma kada a yanke su rana ɗaya, ya rubuta yadda za a rage su sannu a hankali. Tansiyonta ya hau sosai, kuma ba ta taɓa shan maganinsa ba. Ya rubuta analiz na suga, na yawan jini, na bitamin B12, da na halittar nan ta maƙogwaro mai kawo maƙoƙo. Ya bayyana dalili: ƙarancin B12, ko raunin wannan halitta, ko baƙin ciki mai nauyi, duk suna iya kama da ciwon mantuwa, kuma su ana maganinsu. Ya duba kunnenta ma. Ya ce sikanar ɗin kai, wato hoton ƙwaƙwalwa, yana da amfani amma yana da tsada, mu fara da jini. Ban ji ƙanshin neman kuɗi a bakinsa ba ko kaɗan.

Laraba biyu bayan haka muka koma da sakamako, har da sikanar, don mun haɗa kuɗi mun yi. Ya nuna mana hoton, ya ce alamu sun fi karkata ga abu biyu a haɗe: cutar Alzheimer mai cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, da lalacewar ƙananan jijiyoyin jini da hawan jini na shekaru ya jawo. Sai ya faɗi maganar da nake ganin ita ce ta fi kuɗin da na biya: babu maganin da ke warkar da wannan, duk wanda ya ce mana yana da shi, kuɗinmu yake so. Akwai ƙwaya mai suna donepezil da kan ɗan taimaka wa wasu na wani lokaci, ba ta tsayar da ciwon, tana iya kawo tashin zuciya da rage bugun zuciya. Ya bar mana zaɓi. Abin da ya nace a kai shi ne maganin tansiyo kullum, da kada a raba ta da mutane. A bar ta ta tsince wake, ta ƙulla gabu ko da ba za a sayar ba. In ta sake salla, a bar ta. In ta ce an sace mata zane, kada a tsaya musu, a tashi a taya ta nema. In magariba ta yi ta ce za ta tafi gida alhali tana gida, a kunna fitila da wuri, a zauna kusa da ita, a ja ta da hirar da. Ya ce a gaya wa matar Yaya cewa zargin nan ciwo ne ke magana, kuma a riƙa karɓar ta tana hutawa, don mai jinya ma yana faɗuwa.

Da yake ya ji ni malama ce, na samu fuskar tambayarsa abin da ya kai shi wannan fanni. Ya ce bayan ya gama likitanci a nan gida ya tafi Dakar ya ƙware a asibitin Fann, inda tun zamanin Henri Collomb a shekarun 1960 aka saba kwantar da majinyaci tare da ɗan uwansa, a sa dangi cikin magani. Ya ce abokansa sun yi mamakin zaɓinsa. Ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, hankalin kowa da kuɗin bincike suna kan zazzaɓin cizon sauro, da haihuwa, da tamowa, kuma da gaskiyarsu. Malamin jami'a a ƙasashenmu ba ya samun ƙarin girma sai ya bi ta hukumar CAMES da ke Wagadugu, ita kuma rubuce-rubucen da ka buga take dubawa. Mai binciken tsufa yana shan wuya kafin ya tara su, don aikin na tafiyar hawainiya ne: gida-gida, tsoho ɗaya awa guda, sannan a dawo bayan shekaru a ga wa ya canza. Shi ya sa yake riƙe ɗalibai irin wannan yarinya da hannu biyu.

Shi ne ya ba ni labarin binciken Ibadan, na je na karanta da kaina daga baya. Tun 1992 Hugh Hendrie da Adesola Ogunniyi da abokan aikinsu suka fara kwatanta tsofaffin Yarbawa na Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka na birnin Indiyanafolis, da ma'auni iri ɗaya. A sakamakon da suka fitar a 1995, cikin masu shekara 65 zuwa sama, kusan kashi 2 cikin 100 ne ke da ciwon a Ibadan, a can kuwa kusan kashi 8. Wannan tazara ta sa masana suka ƙara mai da ido kan abinci, da hawan jini, da suga, da yanayin zama, ba gado kaɗai ba. Gwajin tsinken ashana da aka yi wa Inna ma daga aikin Ibadan ya samo asali, an ƙirƙiro shi ne don waɗanda ba su saba da alƙalami ba. Senegal ta tsara nata gwajin. An yi bincike a Benin, da Kongo, da Afirka ta Tsakiya, da Tanzaniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Ina karanta wannan ina tuna bencin nan na ranar Laraba, da tsofaffin Tahoua da Illela da Bouza da ba su da ƴa a Yamai.

Wannan ne babban raunin wurin, kuma ba na ganin gyara benci zai warware shi. Likita ɗaya ne, rana ɗaya a mako. Duk wanda ke nesa sai ya jawo tsoho a mota yini guda, kuma tafiyar kanta tana ruɗa su. Inna ta yi kwana uku ba ta san ɗakin da take ba. Babu wani tsari na bin majinyaci ta waya, sai da na roƙa aka yarda in riƙa kawo awon tansiyonta da za a yi a can gida. Duk nasihar nan mai daraja da baki aka ba mu ita. Babu ko ƴar takarda da Hausa ko da ajami, babu saƙon murya da za a tura wa matar Yaya, wadda ita ce ke kwana da Inna, ba ni ba. Ni na zauna na naɗi bayanin a waya na tura mata ta WhatsApp. Kuɗi kuma, in aka haɗa ganin likita sau biyu, da analiz, da sikanar, da mota, ya haura albashin wasu na wata.

Duk da haka, wanda ya tambaye ni zan ce ya je, musamman in abin sabo ne, ko ya zo farat ɗaya, don irin wannan wani lokaci ciwo ne daban da ake iya magancewa. Ya tafi da mutumin da ke zaune da tsohon kullum, ba wanda ya fi kuɗi ko ya fi boko a gidan ba. Ya kwashi duk ƙwayoyin da tsohon ke sha, har na talla. Ya ɗauki matashi da ruwa da ɗan abin taɓawa. In tsohon yana da gilashi ko kunnensa ya yi nauyi, a faɗa tun farko, kada a ɗauki rashin ji a matsayin rashin tunani.

Inna ta koma Tahoua wata biyu ke nan. Tansiyon ya sauka, an raba ta da ƙwayar barci, yawon dare ya ragu, mantuwar tana nan. Ranar da za mu fito a zuwanmu na biyu, ɗalibar nan ta biyo ni har bakin ƙofa. Ta ce maganar gada ta hana ta barci, ta koma ta duba takardun tsofaffin da ta riga ta yi wa tambayar. Ta roƙe ni in duba mata sauran tambayoyin, in nuna mata duk kalmar da tsohuwar Adar ba za ta ji yadda ake nufi ba. Na karɓi kofi ɗaya. Kowane dare in na gama gyaran takardun yara, ina kiran Gwaggo in karanta mata tambaya ɗaya ko biyu, in ji yadda za ta fahimce ta. Zuwa jiya mun gyara goma sha ɗaya, saura shafi biyu, kuma ranar Laraba zan kai mata.